Warkewar da Yaya Ta Ɓoye

Ranar da bayan Yaya ya riƙe, tana tsakiyar ɗaga Umma ne daga kujerar wanka zuwa keken marasa lafiya. Ta sunkuya kamar kullum, ta rungumo tsohuwar ta ƙarƙashin hammata, ta yi bisimilla ta yunƙura, sai ta ji wani abu ya tsarga mata tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Amma ba ta saki Umma ba. Wannan kam ko a gaban wa za a faɗa, ba ta sake ta ba. Sulalewa ta yi da ita a hankali har suka kai ƙasa, ita a kan jiƙaƙƙen tayil, Umma a kan ƙirjinta. Wayarta na can ɗaki a kan keken ɗinki. Umma kuwa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ne suka rage mata, magana ma sai ta yi kokawa da harshenta kafin kalma biyu su fito. Haka suka kwanta suna kallon silin har Allah ya kawo Auta.

Auta ƙanwar Yaya ce, ita ce ƙarama a ɗakinsu, ma'aikaciyar banki. Ran Asabar take zuwa, da ledar lemo da ayaba a hannu, da ƙamshin turare, da shawarwari iri-iri waɗanda ba wanda ya tambaye ta. Tana leƙa banɗakin ta kurma ihu, ta kirawo maƙwabta aka ɗaga su. Kafin la'asar babu ɗan'uwa na kusa ko na nesa da bai ji cewa Yaya ta yar da Umma a banɗaki ba. Ta yar! Kalmar da Auta ta zaɓa ke nan, sai ka ce tsumma aka riƙe.

Washegari aka zauna a ɗakin Umma. Injiniya ya zo, shi ne namiji tsakaninsu, ƙanen Yaya kuma wan Auta, mutumin kirki wanda duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi yake ba gaskiya. Yaya na kwance a kan kafet don zama ya gagare ta.

"Ni ba laifin Yaya nake gani ba," in ji Auta, alhali kowa ya san shi take gani. "Jiki da jini. Yaya ta gaji, shekaru sun ja. Amma don Allah ku shigo ɗakin nan da hancin baƙo ku ji. Ni duk na zo sai na riƙe numfashi. Zanen gadon nan ma, yaushe rabon da a canza shi?"

"Jiya da safe," in ji Yaya daga ƙasa. "Kullum da safe."

"To ni dai ban sani ba. Zan gyara ɗakin baƙi na gidana, a faɗaɗa ƙofar banɗaki, a kafa ƙarfen dafawa, a sa esi. In ɗauko mai kula da ita wadda ta san aikin. Da an gama sai Umma ta koma wurina, Yaya ta huta ta yi jinyar kanta."

Injiniya ya juya makullin motarsa ya ce, "Ai kuwa shawara ce mai kyau." Sannan ya matsa kusa da gadon. "Umma, kin ji abin da Auta ta ce. Kin yarda?"

Yaya ta ɗago kai da ƙyar ta zuba wa Umma ido. Shekara da shekaru ita ke wanke matar nan, ita ke juya ta, ita ke gane abin da take nufi tun kafin harshenta ya gama faman sa. Ta rufe shagon ɗinkinta ta dawo da keken gida don kada ta yi nisa da ita. Jira take Umma ta ce a'a, ko da girgiza kai ne. Umma ta daɗe tana kallon sama, sannan ta gyaɗa kai.

Wannan gyaɗa kan ya fi ciwon bayan yi wa Yaya zafi. Dama can, ta ce a ranta, Auta ce 'yar gaban goshi, ita kuwa jakar gida. Aka watse. Sai da ta ji ƙarar motar Auta ta bar layin ta cije leɓe ta ce a hankali, yadda Umma ba za ta ji ba, "Wallahi sai kin ɗanɗana, Auta. Sai kin san nauyin Umma da ƙugunki."

Daga ranar Injiniya ya riƙa biyowa safe da yamma yana ɗaga Umma zuwa wanka ya mayar da ita, sauran aikin kuwa Yaya ta ci gaba da shi tana dafa bango. Likita ya ɗauki hoton bayan ya ce babu karaya, jijiya ce ta matse, naman da ke riƙe ƙugun kuma ya saki saboda zaman keken ɗinki da ɗaukar nauyi a sunkuye. Ya rubuta mata magani, ya ce in zafin ya lafa ta je saman kemis ɗin da ke kallon asibitin, akwai wata tsohuwar nas da ke koya wa mata yoga da safe.

"Yo me?" in ji Yaya.

"Yoga. Miƙe jiki ne da numfashi. Ki je dai ki gani."

Ba don ta yarda ta je ba. Ta je ne don ta fi so ta ga ranar da Auta za ta ɗanɗana, ita tana tsaye da ƙafafunta. Ta roƙi maƙwabciyarta ta riƙa zama da Umma, ta ce mata gashin baya ake yi mata a asibiti.

Ɗakin dogo ne, fanka biyu, ɗaya ba ta aiki, tagogi a buɗe ana jin masu adaidaita suna zage-zage a ƙasa. Mata ne zalla, yawancinsu sun manyanta, kowa da tabarmar robarta. Malamar guntuwa ce mai furfura, muryarta kamar ta mai lallashin jariri, abin da ya fara ba Yaya haushi ke nan.

"Malama, kafin a fara," in ji Yaya, tana tsaye da takalmanta a hannu, "in akwai durƙusa wa wani abu a cikin abin nan, ki gaya mini tun yanzu in kama gabana."

"Babu abin da za ki durƙusa wa sai ciwon bayanki, 'yar'uwa. Ajiye takalman ki zo nan kusa da ni."

Tabɗijam! Yaya ta zaci kwanciya za a yi a riƙa shafa mata baya. Aka ce a durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, a gantsare baya sama irin na kyanwa in ta tashi barci, sannan a sake shi ƙasa. Matan nan suna yi lumui-lumui, ita nata bayan ya tsaya ƙiƙam kamar teburin guga. Aka ce a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu a yi gada, nata ya ɗaga da ƙyar ya faɗi tim. Aka ce a miƙe ƙafa a taɓa yatsu, hannunta ya tsaya a gwiwa ya ce shi nan ya sauka. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Wata ƙatuwar mata a gefenta, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, ta raɗa mata, "Kar ki damu, ni ranar farko sai da mutum biyu suka tashe ni."

A ƙarshe aka ce kowa ya kwanta ya saki jiki. Malama ta ce sunan wannan shi ne kwanciyar gawa, amma matan ajin sun ƙi sunan tun tuni, suka mayar da shi kwanciyar hutu. "Ki ja iska ta hanci har cikinki ya cika," in ji ta, tana zagayawa a tsakaninsu. "Ki sake ta a hankali. Duk abin da ke cin ranki, ki bar shi ya bi iskar ya fita."

Gwaggo ta fara minshari. Yaya ta ja iska har cikinta ya cika, ta sake ta a hankali, amma abin da ke cin ranta ba ta bar shi ya fita ko ƙofar hanci ba. Haba, ya fita ya je ina? Ai shi ya hawo da ita matakalar nan.

Ta koma gida jikinta kamar an yi mata duka, ta rantse ba ta ƙara zuwa. Washegari ta tuna hancin baƙo, ta ɗauki mayafinta. Ta sayi tata tabarmar, ta naɗe ta a cikin wani tsohon yadi ta tura ƙarƙashin teburin yanka a ɗakin ɗinki, inda take maimaita darasin da rana in Umma ta yi barci.

Abin mamaki, sai abu ya fara aiki. Da farko barcinta ne ya gyaru, ta daina juye-juye tana neman ɓarin da ba ya ciwo. Sai ta lura tana hawa matakalar kemis ba ta tsaya a tsakiya ta yi kamar tana neman abu a jaka ba. Hannun da ya tsaya a gwiwa ya gangaro ƙwauri, ya gangaro idon sawu. Ciwon kan da ke zuwa mata duk yamma ya ɗauke. Malama ta gyara mata zaman keke ma: matashi a bayan ƙugu, kafaɗu a sake, in ta gama hannun riga ɗaya ta tashi ta miƙe kafin ta kama ɗayan.

Da Malama ta ji jinya take yi, sai ta tsayar da ita bayan an tashi, ta zaunar da Gwaggo a kan kujera ta ce, "Nuna mini yadda kike ɗaga mahaifiyar taki." Yaya ta sunkuya. Malama ta dafe kai. "Innalillahi! Da wannan kike ɗaukar mutum shekara da shekaru? Ai Allah ne ya rufa miki asiri. Buɗe ƙafa. Lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe. Jawo ta jikinki sosai, kar ki bar fili. Ɗaure cikinki kamar a gada, ki saki numfashi ki tashi da cinyoyinki." Yaya ta yi, sai ga Gwaggo tsaye cak tana salati. Suka yi ta maimaitawa har Gwaggo ta ce ita fa ba buhun hatsi ba ce, a ƙyale ta ta tafi kasuwa.

Wata rana da hantsi allura ta suɓuce wa Yaya ta faɗa ƙarƙashin keken ɗinki. Ta duƙa ta ɗauko, ta zura zare, ta ci gaba da ɗinki. Sai da ta kai ƙarshen layi ta tsaya cak. Ta tashi, ta sunkuya, ta ɗago. Ta sake. Babu komai, ko ɗigon zafi. Da azahar ta ture kujerar da take salla a kai tun ranar banɗaki, ta yi ruku'u cikakke, ta kai goshinta ƙasa, hawaye suka zubo mata a kan darduma.

A lokacin ko fenti ba a gama ba a ɗakin da Auta ke gyarawa. Kiran waya ɗaya ya isa: Injiniya, na warke, zo ka gani da idonka, Umma ba inda za ta. Shi kuwa cewa zai yi ai kuwa shawara ce mai kyau. Yaya ta ɗauki wayar, ta nemo lambarsa, ta daɗe tana kallonta. To in ta kira, shi ke nan fa? Auta ta ci bulus? Ta zo ran Asabar da ledar lemonta ta ce ai dama addu'a take ta yi? Dangi su ci gaba da cewa Yaya ce ta yar da Umma? Ina! Ta ajiye wayar, ta jawo kujerar sallar ta mayar da ita inda take.

Daga nan Yaya ta zama 'yar wasan kwaikwayo. Da ta ji motar Auta sai hannu ya koma ƙugu, ƙafa ta fara ja. In za ta zauna sai ta yi "wash" sau biyu. In lokacin salla ya yi Auta na nan, a kan kujera take yi, Allah ya yafe mata, bayan baƙuwa ta tafi ta rufe ɗakin ɗinki ta sake ta a tsaye. Injiniya ya ci gaba da zuwa safe da yamma yana nishi yana ɗaga Umma ba bisa ƙa'ida ba, tana tsaye tana kallonsa. Har a gaban Umma ba ta saki wasan ba, don ta san fuskar Umma ba ta iya ɓoye farin ciki, Auta za ta gane. In za ta juya ta sai ta yi nishi ta dafa gado. Umma ta bi ta da ido, ta yi ta fama da harshenta har ta fitar da "San...nu." Yaya ta ce yauwa, ta kau da kai.

Ranar tafiya ta zo. Aka sa Umma a mota, aka naɗe kekenta aka tura a but ɗin motar. Auta ta tsaya a bakin ƙofa da tabarau a goshi ta ce, "Yaya, akwai abin da ya kamata in sani?"

Akwai mana! Akwai cewa Umma ba ta kai rabin safiya a ɓari ɗaya ba tare da an juya ta ba, in ba haka ba fatar ƙugunta ta fara ja. Akwai zanen da ake ninkawa biyu a shimfiɗa ƙarƙashinta, wanda da shi mutum ɗaya ke juya ta ba tare da ya ɗaga ta ba. Akwai cewa cokali ta gefen dama ake sa shi, ƙarami, a jira ta haɗiye, a yi mata hira kamar ba abinci ake ba ta ba. Akwai cewa Umma ta gwammace ta kwana da datti da baƙuwar fuska ta ga tsiraicinta. Duk suna nan a bakin Yaya, jere.

"Ni da ban iya ba?" ta ce, hannunta a ƙugu. "Ai ke kin fi ni sani. Ga magungunanta nan a leda."

Gidan ya yi mata faɗi, wannan gaskiya ne. Da safe takan farka ta nufi ɗakin Umma da ruwan ɗumi kafin ta tuna. Amma labaran da suka fara zuwa sun riƙe ta. Mai kula ta farko ba ta rufa mako ba ta tattara kayanta, ta ce tsohuwar ta ƙi buɗe baki, in ta zo cire mata riga kuma sai ta kai mata duka da hannun mai lafiya. Ta biyu ta zo da takardun shaida, ita ma ta bi sahun ta farko. Auta ta ɗauki hutu a banki. Sai ga kiranta, muryar ta sauko ƙasa sosai.

"Yaya, don Allah yaya kike yi take cin abinci?"

"Cokali nake sa mata a baki."

"Na sani, amma ni ta ƙi karɓa. Ko akwai dabara?"

"Wace dabara gare ni, Auta? Ki ƙara mata esi, wataƙila zafi ne."

Ta kashe wayar ta yi dariya har da buga cinya. Daɗi ta ji, ba na wasa ba, irin daɗin da mutum ke ji in ya sosa inda ya daɗe yana masa ƙaiƙayi. Da wani abu ya ɗan motsa mata a ƙirji game da Umma, sai ta ce a ranta ai ita ta gyaɗa kai, ba wanda ya tilasta ta, kuma kwana nawa ne za a dawo mata da ita ana ba ta haƙuri.

A aji kuwa tauraronta ya haska. Aka fara koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗayar a jingine a cinya, hannaye sama. Malama ta ce kowa ta zaɓi wuri ɗaya a bango ta kafa masa ido. Matan suka yi ta tangaɗi suna kama juna suna dariya. Yaya ta zaɓi wani tabo a bangon, ta ɗora fuskar Auta a kai da tabarau da komai, ta tsaya ƙyam ko gezau. Malama ta ce, "Ku dubi 'yar'uwar nan ku ga natsuwa. Ranar da ta fara zuwa, zuciyarta cike take da damuwa. Yanzu ku duba." Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi, Malama," ba ta ɗauke ido daga tabon ba.

Kiran da take jira ya zo wata safiya tana naɗe tabarma. Injiniya ne, a rikice. Auta ta zo ɗaga Umma, bayanta ya riƙe, tana nan kwance a ƙasa ba ta iya motsi, mijinta kuma ya yi tafiya. Ya ce ya san ita ma Yaya ba lafiya gare ta ba, amma ta daure ta zo ko da baki ta nuna musu abin yi.

"Gani nan," in ji Yaya.

Ba ta yi sauri ba. Ta yi wanka, ta ɗauko leshin da ta ɗinka wa kanta ba ta taɓa sawa ba, ta fesa turare. A hanya ta tsayar da mai adaidaita ta sayi lemo da ayaba.

Ɗakin ya yi kyau, ba ƙarya. Labule mai nauyi, esi na huci, ƙarfen dafawa na walƙiya a jikin bango. Auta na kwance a kan kafet da rigar barci, gashi a hargitse, idanu sun kumbura. Injiniya na tsaye a kanta ya rasa abin kamawa. Umma na kan gado ta zame daga matashi, fuskarta na kallon ƙofa, da ta ga Yaya ɓarin bakinta mai lafiya ya ɗaga.

Yaya ta shigo a miƙe, ba hannu a ƙugu, ba jan ƙafa. Ta ajiye ledar a kusa da kan Auta. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ja iska ta hanci har cikinta ya cika, ta yamutsa fuska.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni yau da hancin baƙo na shigo. Auta, zanen gadon nan yaushe rabon da a canza shi?"

Auta ta rufe fuska da hannu ta fashe da kuka. Injiniya ya ce, "Haba Yaya, ba lokacin wannan ba ne. Bari in ɗaga Umma a gyara gadon, ke ki zauna kar ki fama bayanki."

"Matsa."

Ta jawo keken ta taka birkinsa, ta zaunar da Umma a bakin gado. Ta buɗe ƙafa, ta lanƙwasa gwiwa, ta jawo ta jikinta, ta saki numfashi ta tashi da ita. Har ta kusa yin baya, don ƙarfin da ta sa ya fi nauyin da ta samu. Umma ta rame ƙwarai, ƙasusuwan haƙarƙarinta suna taɓa hannun Yaya ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga. Da ta sauke ta a keken, Umma ta yi wata 'yar ƙara ta karkace gefe. Yaya ta ɗaga gefen rigar. A kan ƙashin ƙugu, inda ba ta taɓa bari ko ja ya yi ba, gyambo ne buɗe, faɗin murfin kwalba, an manna masa auduga ta jiƙe.

Ya kamata a nan ta yi shiru. Amma Auta ta ɗago kai daga ƙasa, baki buɗe, ta ce, "Yaya... bayan naki fa?" Ita kuwa Yaya ta daɗe tana tanadin amsar nan, ta sha maimaita ta a kan tabarma, ta riga ta zo bakinta.

"Ya warke," ta ce, tana gyara mayafi. "Tun kafin ki gama fentin ɗakin nan ya warke. Na bari ne ki ɗanɗana. Yanzu sai ki kira dangi ki gaya musu wa ya iya, wa bai iya ba. Injiniya, buɗe mota, gida za mu."

Ta sa hannu za ta saki birkin keken, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu. Umma ce, da hannunta mai lafiya. Ɓarin bakin da ya ɗaga ɗazu ya sauka. Jijiyoyin wuyanta sun tashi, tana jawo kalmomin da ƙarfin tsiya.

"Tun... kafin?"

"Umma, bari mu je gida tukuna, zan yi miki bayani."

"Ni..." Umma ta tsaya ta haɗiye yawu. "Don... bayanki... na taho. Ki... huta."

Yaya ta durƙushe a gaban keken, gwiwoyin nan da suka koyi lanƙwasa suka kai ta ƙasa ba gardama. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda. "Umma, ban sani ba. Wallahi na zaci ita kika zaɓa. Ki yafe mini, mu tafi gida, cikin kwana kaɗan zan warkar da ciwon nan, kin san na iya."

Umma ta kalle ta, ta kalli leshin, ta kalli Auta da ke kwance a ƙasa. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskarta da ba ya motsi.

"Mayar... da ni... gado."

"Umma, don girman Allah."

"Gado."

Yaya ta share fuska ta miƙe, ta kai hannu ƙarƙashin hammatarta. Umma ta ture hannun. Ba ƙarfi a turin, ko yaro ba zai ji shi ba, amma ta sake turawa har sai da Yaya ta janye. Sannan ta juya ido wajen ɗanta ta yi masa alama da kai.

Injiniya ya dubi Yaya, ya dubi Umma, ya ajiye makullin motar a kan tebur ya naɗe hannun riga. Yaya ta matsa gefe ta ba shi hanya.